Ƙauyukan Tafi-da-gidanka a Kudancin Maroko

Kowace shekara, da zarar hunturu ya kankama a ƙasashen Turai, wani irin ayari yakan taso daga Faransa da Jamus da Italiya da Holan ya nufo kudu. Ayarin na fararen motoci ne masu tsawo da faɗi, kamar an ɗauki ɗakin soro an aza bisa taya huɗu, waɗanda ke tuƙa su kuwa mafi yawa dattawa ne, mata da miji, da suka ajiye aiki suna cin fansho. Sukan ratsa ƙasar Ispaniya har tashar jiragen ruwa ta Aljesiras, su shiga jirgi da motocinsu su ƙetare mashigin Jibralta, wanda bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi matsewa, su sauka Tanja. Daga nan sai su bi gaɓar Tekun Atlantika sannu-sannu, Rabat, Kasablanka, Sawira, har su iso ƙasar Sus inda birnin Agadir yake. Can ne da yawansu ke yada zango, ba su sake waiwayar gida sai Maris ko Afrilu.

Faransawa suna ce wa irin wannan mota kampin-kar. Mu Hausawa muna da sunanta tun ba mu gan ta ba. Kalmar tafi-da-gidanka, wadda muka laƙaba wa wayar salula da kotun da ke yawo gari-gari, a nan ce ta samu ainihin mai ita, don kuwa mutum ne ya tafi da gidansa, da gadonsa da murhunsa da makewayinsa. Abin da suke yi ma mun san shi. Ɗan ƙauyen Tawa ko na Damagaram da ya gama girbi ya ɗauki ƙunshinsa ya nufi Kano ko Abijan, cin rani ya tafi. Waɗannan su ma cin ranin ne suke yi a juye, sai dai su sanyi suke gudu da tsadar ɗumama ɗaki, kuma abin da za su ci yana biye da su ta banki kowane ƙarshen wata.

Na bi wannan yanki cikin watan Janairu, daga Agadir zuwa Tiznit, sa'annan na hau duwatsu zuwa Tafrawut. Agadir sabon gari ne, girgizar ƙasa ta daren 29 ga Fabrairu 1960 ta rushe tsohon, aka sake gina shi da faffaɗan tituna da otal-otal a bakin ruwa. Ba wani abu cikinsa da zai daɗe yana riƙe ido. Tiznit ce, mai nisan kamar kilomita 90 a kudu, ta tuna mini da gida. Ganuwa ce ta jar ƙasa ta kewaye ta, wadda Sarki Hasan na Ɗaya ya sa aka gina a shekarun 1880, mutumin Damagaram da ya tsaya gabanta sai ya ce Birni ne ya dawo masa sabo. Cikinta maƙeran azurfa ne jere kamar na Agadas. A allunan hanya kuma, ƙarƙashin Larabci, ga rubutun Tifinag, ɗan uwan wanda Buzayenmu ke zanawa bisa rairayi. Tun tsarin mulkin 2011 harshen Amazik ya zama na hukuma a ƙasar tare da Larabci. To, a gindin wannan ganuwa ne na ga ƙauyen tafi-da-gidanka sosai: motoci gefe da gefe, kowa ya buɗe rumfarsa ta tanti ya fito da kujeru biyu da tebur, ga wanki a shanye, ga kare a ɗaure, ga faranti bisa rufi yana kamo tashoshin talabijin na can gida.

Tsawon motar mita 6 zuwa 7 ne, faɗinta mita 2 da ɗan wani abu, tsayinta kusan mita 3. Gabanta dai motar kaya ce irin wadda muka sani, galibi Fiat Ducato ko ƴan uwanta Peugeot Boxer da Citroën Jumper, waɗanda tushensu guda ne; kamfanoni irin su Hymer na Jamus, da Pilote da Rapido na Faransa, su ke sayen kai da ƙashin baya su gina ɗaki a bisa. Ciki akwai gado, da tebur, da murhun gaz, da firigo, da wurin wanka da bai kai tabarmar salla faɗi ba, da tankin ruwa na wajen lita 100. Sabuwa yau da wuya a same ta ƙasa da Yuro dubu 50, wato fiye da sefa miliyan 32, kuɗin ginannen gida a Maraɗi. Wasu masu motocin suna da gida a Turai da suke komawa. Wasu kuwa sun sayar da nasu ko sun saki haya, motar ita ce iyakar abin da suka mallaka a duniya, ranar da aka shigar da ita gareji kuwa ranar suka rasa wurin kwana. Shi ya sa hirar maraice a sansanin, in mutum ya kasa kunne, ba ta cika wuce zancen rufi da batir da taya ba, kamar yadda hirar makiyaya ba ta wuce rijiya da ciyawa.

Ruwa da nauyi

Da za a tambayi direbanmu abin da ke kashe mota, zai ce inji. Waɗannan mutane sun fi tsoron ruwa. Bangon ɗakin ba ƙarfe ba ne irin na motar haya. Hawa uku ne aka manne wuri guda, fallen alminiyo ko na roba mai tauri a waje, soso mai tare zafi da sanyi a tsakiya, siririn falanki a ciki, a tsofaffin ƙira kuma da ƴan sandunan katako da ke riƙe da su. Dukan kaurinsa bai fi yatsa biyu ba. An huda wannan bango da rufin a wurare da yawa, don taga, don ƙofa, don mafitar hayaƙi, don wayar allon hasken rana, kowace huda kuma an toshe bakinta da danƙo. Rana tana busar da danƙon, girgizar hanya tana tsattsaga shi, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwan sama ko raɓa ya sulale ciki, katako ya sha ya riƙe, ba mai gani. Sa'ad da tabo ya bayyana a jikin bango, ko daɓe ya fara lotsawa ƙarƙashin ƙafa, ruɓa ta daɗe tana cin ciki. Motar da injinta ke da lafiya garau tana iya faɗuwa warwas a kasuwa saboda wannan kaɗai.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san maganin, don aikin yaɓe ne da gyaran indararo kafin damina. Da hantsi za ka ga dattijo bisa tsani yana bin bakin kowace taga da yatsa. Inda danƙo ya mutu, ƙwaƙule shi ake yi ƙarƙaf, a goge wurin, a bari ya bushe, sa'annan a zuba sabo. Wanda ya shafa sabo bisa tsoho ya rufe wa kansa ido ne kawai. Sau ɗaya a shekara kuma ana kai motar wurin dillali ya bi bangon da na'urar auna laima, masu ƙera motocin ma sun ɗora alkawarinsu na gyara bisa wannan awo, wanda ya tsallake shekara guda ya zubar da haƙƙinsa. Akwai kuma ruwan da ba daga sama yake zuwa ba. Numfashin mutum biyu da tururin tukunya a ɗaki ƙarami, in ya haɗu da bango mai sanyi, da safe sai ka ga gilashi na zufa, ƙarƙashin katifa ya jiƙe. Don haka ko cikin daren sanyi ba su toshe mashigar iska, da rana kuma a ɗaga katifa ta sha iska.

Abu na biyu nauyi ne. Parmin tuƙi na gama-gari a Turai, wanda ake kira B, iyakarsa mota mai tan 3 da rabi, da ita da kayanta da mutanenta. Motar kanta ta cinye kusan tan 3, abin da ya rage ƴan ɗaruruwan kilo ne, cikinsu za a ƙirga mai gida da uwargida, da ruwa lita 100 wanda shi ma kilo 100 ne, da tulun gaz biyu, da kekuna ko ɗan babur, da abinci da kayan gyara. Mai lura yakan kai motarsa ma'aunin manyan motoci ya auna gaba daban, baya daban, don ɗakin ya zarce tayoyin baya da mita guda ko fiye, duk abin da aka rataya can ƙarshe kuwa yana danne tayoyin baya da fiye da nauyinsa, yana kuma ɗaga gaba, inda sitiyari da jan mota suke. Mu da muka saba ganin motar da aka ƙera don mutum 15 ta ɗauki 20 da buhunan gero a bisa, dariya za ta kama mu in mun ga dattijo yana jinjina tukunyar ƙarfe a hannu yana shawarar barinta. Amma wanda ya sauko gangaren dutsen Kerdus, tsakanin Tafrawut da Tiznit, inda kwana ke bin kwana, birki na ƙauri, zai fahimci lissafin dattijon.

Taya a nan ba tafiya ke kashe ta ba, tsufa ne. Mota na iya yin wata uku wuri guda, zanen taya na nan kamar sabo, amma rana ta tsattsage gefenta, nauyi kuma ya danne ta ta fuska ɗaya. Shi ya sa suke rufe tayoyin da ke ɓangaren rana da tanti ko kwali. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lamba huɗu a ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun baya shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin kansa yana ba da shawarar a riƙa kai taya ana dubawa kowace shekara in ta kai shekara 5, a kuma ajiye ta in ta kai 10 ko da ba ta ci ba. Wannan lamba na kan tsofaffin tayoyin da ake saukewa a kasuwanninmu ma, mai saye da mai sayarwa kaɗan ne suka damu da karanta ta.

Waɗanda suka fi son bakin ruwa, kamar a Aglu, kilomita 15 daga Tiznit, suna da nasu haraji da suke biyan teku. Hazon safe na ɗauke da gishiri, yana kwanciya ƙarƙashin mota da cikin makullai da bakin wayoyin lantarki, tsatsa ta biyo baya. Sai wanke ƙarƙashi da ruwan daɗi da shafa giris. Zama wuri guda ma cuta ne. Birkin hannu yakan maƙale, don haka a giya ake barin mota a sa mata waigi. Ɓeraye sukan shiga ɗakin inji su ci wayoyi. Man inji yana lalacewa da kwana ko da ba a yi tafiya ba, saboda haka da lokaci ake canza shi kamar yadda ake canza shi da kilomita. Bayan mako biyu ko uku mai mota yakan naɗe rumfa ya fita ya yi tafiyar da inji zai yi zafi sosai, ya dawo wurinsa. Kusan kowa kuma yana da ɗan littafi da yake rubuta ranar kowane gyara da kilomita da kuɗin da ya kashe. Ina kallon waɗannan littattafai ina tuna motocin hukuma da ke zaune bisa duwatsu a harabar ofisoshinmu, waɗanda da yawansu ba haɗari ya ajiye su ba, ƙaramin abu ne ya lalace aka ce sai an samu kuɗi, batir ya mutu, taya ta sace, aka fara zarar kayan jikinsu ɗaya bayan ɗaya.

Wuta, gaz da gazuwal

Batir biyu ne a motar, ɗaya na tada inji, ɗaya na ɗaki, an raba su don kada fitila da talabijin na dare su hana mota tashi da safe. Na ɗakin, in irin na dalma ne, ba a son a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba ba ya daɗewa. Masu hali sun koma ga na lityum, wanda ya fi sauƙin nauyi ya kuma fi tsada. Allon hasken rana ke cika shi, ƙura kaɗan kuwa tana rage masa ƙarfi, aikin farko na safe ke nan a hau a goge.

Firigon yawancinsu abin kallo ne. Ba shi da injin da ke ƙugi kamar na gidajenmu. Da zafi yake yin sanyi, ƴar wutar gaz ce ke tafasa ruwan amoniya a cikin bututu, ya zagaya ya janye zafin ciki. Ɗalibai biyu ne na ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro dabarar a 1922, kamfanin Electrolux ya fara sayar da ita a 1925. Tsofaffin ma'aikatan lafiya na karkara sun san shi sarai, don irinsa ne mai aiki da kananzir ko gaz ya daɗe yana ajiye alluran rigakafi a ƙananan asibitocinmu. Sun san halinsa kuma: in bai zauna daidai ba ruwan ba ya zagayawa, in zafin gari ya tsananta sai ya gaza. Don haka mai tafi-da-gidanka ba ya kashe inji sai ya sa waigi ƙarƙashin taya ya daidaita motar, ya kuma juya ta yadda bangon firigo zai kasance a inuwa.

Gaz shi ne abin da ba a wasa da shi. Butan ba ya fita daga tulu in sanyi ya kai inda ruwa ke daskarewa, shi ya sa a Turai furopan suke ɗauka. A Maroko kuwa butan ne ko'ina, mai araha don hukuma na tallafa masa, sai dai bakin tulun kowace ƙasa daban, kowa na yawo da ƴan mahaɗai a aljihun mota. Robar gaz tana da ranar mutuwa a rubuce a jikinta. Ana gwada yoyo da ruwan sabulu, ba da ashana ba. A bango kuma akwai ƴar na'ura da ke kuka in ta ji iskar nan marar wari da ke fita daga wutar da ba ta ci sosai ba, wadda ke kashe masu kwana da gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi.

Akwai wani dalili na inji da ke hana sababbin motocin nan wuce Maroko. Dokokin Turai sun tilasta musu matatar hayaƙi da wani ruwa da ake kira AdBlue, injin kuma an ƙera shi ne don gazuwal mai farar wuta da ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Gazuwal mai farar wuta da yawa yana toshe matatar, na'urar motar ta rage wa inji ƙarfi, gyaran kuwa sai da kwamfuta. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwis ta fitar da rahoto bisa man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka 8, ta samu inda farar wutar ta ninka iyakar Turai sau 378. Saboda irin wannan ne waɗanda ke son gangarowa ƙasar baƙar fata suka fi neman tsohuwar mota, wadda kowane bakanike zai iya buɗe cikinta da sifana.

Tafrawut tana kwance cikin kwari tsakanin jajayen duwatsun Anti-Atlas, kamar mita 1000 bisa teku, dare na da sanyi, cikin Fabrairu itatuwan almon su yi fure fari fat. Mutanen yankin ƴan kasuwa ne na asali, su ke riƙe da kantunan unguwa da yawa a Kasablanka da Rabat, su tara kuɗi su dawo su gina manyan gidaje a ƙauyukan dutse. Alhazan Maraɗi za su gane su da kallo ɗaya. Ba su bar ayarin nan ya wuce su banza ba. A filin dabino da ke bayan gari, inda motocin ke tsayawa, tun da safe mai burodi zai zo bisa keke, mai tankin ruwa ya biyo, sai mai karɓar wanki, sai yaron da ke ɗaukar odar abincin rana. Cikin gari ga masu gyaran jikin mota da fenti, ga masu ɗinkin kujeru da labule da rigar gilashi, ga masu kafa allon hasken rana. Da yake ladan aiki a nan bai kai na Turai ba ko kusa, da yawa sukan tara gyare-gyarensu na shekara su kawo. Har da masu zane, waɗanda ke yi wa bayan mota hoton raƙumi da tudun rairayi da mutum mai rawani, alhali motar da aka yi wa zanen, da jan gaba da ƙasa-ƙasan cikinta, ba za ta yi taki goma cikin rairayi ba.

Ba kowa ke murna da su ba, kuma masu ƙorafin suna da hujja. Makewayin motar ɗan akwati ne da bai kai lita 20 ba, ana zare shi bayan kwana biyu ko uku a zubar. A sansanin biya akwai ramin da aka tanada. A daji kuwa akwai waɗanda ke jiran dare su juye shi cikin ƙorama ko bayan dutse, inda awakin mutane ke kiwo. Ana kuma cewa wasu sukan zo da mota cike da abinci daga Turai, su kama wuri mafi kyau a bakin teku wata da watanni ba su biya ko dirhami ba. A Tagazut, arewa da Agadir, inda aka daɗe ana irin wannan zama kyauta, an gina manyan otal-otal a shekarun 2010, jandarmomi kuma sukan tashi masu kwana a fili su tura su sansani. A ganina hukuma ta yi daidai a nan. Baƙon da ya zo da ɗakinsa bai zo da ƙasar da zai aza shi ba.

Takardu su ma wani rufi ne da ke iya yoyo. Baƙo yana da kwana 90 a Maroko, sai ya nemi ƙari ko ya fita ya dawo. Motarsa kuwa duwan ta ba ta wata 6 a shekara, an rubuta ta da sunansa, ba shi da ikon sayar da ita ko ya bar ta ya fita sai ya daidaita da duwan. Dole kuma ya duba ko asirans ɗinsa ya ƙetaro teku tare da shi. A watan Maris 2020, da annobar korona ta sa Maroko ta rufe iyakokinta, motocin nan sun yi dogon layi a arewacin ƙasar, kusa da Sabta da Tanja, dattawa masu ciwon suga da hawan jini suna ƙirga ƙwayoyin maganinsu, wasu sai bayan makonni aka samo musu jiragen ruwa na musamman.

Hanyar da ta bi ta wurinmu

Akwai zamanin da Baturen da ke son kai gidansa ƙasar baƙar fata galibi ta wurinmu yake bi, don yaƙin Sahara ta Yamma, daga 1975 zuwa 1991, ya toshe hanyar bakin teku. Jirgin ruwa zai sauke shi Aljer, ya bi Gardaya da In Salah har Tamanrasat, inda kwalta ta ƙare a lokacin. Daga nan kamar kilomita 400 ne na hamada zuwa In Gezzam, sai Asamaka, sai wasu kamar 200 zuwa Arlit, inda hanyar uraniyom ke karɓarsa ta kai shi Agadas da Tawa. Tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ta Tamanrasat da Agadas da Yamai ya bi, ya kuma ƙara wa hanyar suna. Motocin wancan lokaci ba su da alatun na yau: Volkswagen Kombi da aka shimfiɗa wa katifa, Land Rover mai tanti a bisa, da Peugeot 504 da samari ke korowa su sayar a nan ko a Kwatano da Lome su sayi tikitin jirgin komawa.

Kulawar da waɗancan motoci ke bukata daban ce. Ƙura ce abokiyar gaba, don haka kowane maraice a cire matatar iska a kakkaɓe. A rairayi mai laushi a rage iskar taya ta baje, in an fito tsakuwa a sake hurawa da famfon hannu. Inda hanya ta yi kunya-kunya kamar kwanon rufi, girgiza na kwance kowane noti, sai bi da sifana kullum. Ana ɗaukar faranta biyu na ƙarfe masu huji da shebur don fid da mota in ta kafe, da jarkokin mai da na ruwa fiye da abin da lissafi ya nuna, ana tashi da asuba sa'ad da rairayi ke da sanyi da ƙarfi, kuma ba a shiga da mota ɗaya. Waɗanda suka raina waɗannan ƙa'idodi sun bar shaida a rairayin Lawuni, arewa da In Gezzam, inda gawarwakin motoci suka daɗe suna nuna wa na baya hanya. Wasu ma da suka saki alamomin hanya ƙishirwa ta kashe su.

Tawayen da ya ɓarke a arewa bayan abin da ya faru a Cintabaraden cikin Mayu 1990, da yaƙin basasar Aljeriya da ya fara a 1992, su suka yanke wannan ayari. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 baƙi sun dawo Agadas, amma galibi ta jirgin sama. Tawaye na biyu a 2007 da sace ma'aikata a Arlit cikin Satumba 2010 suka ƙarasa abin da ya rage. A tsakiyar shekarun 2000 kuwa aka gama kwalta tsakanin Nuwadibu da Nuwakshot, ya zama mota na iya tashi daga Tanja ta bi Dahla da Gargarat ta isa kogin Sanagal kusan ba ta sauka daga kwalta ba. Masu ƙarfin hali cikin dattawan da na gani a Tiznit ta nan suke bi, tare da manyan motocin Maroko masu kai lemo da kayan lambu kasuwannin kudu.

An sa tsohon garin Agadas cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, lokacin da masu zuwa ganinsa ta hanya suka riga suka ɗauke ƙafa. Kanikawan garin da direbobinsa ba su manta sana'ar ba, don har yau sun san inda ake rage iskar taya da yadda ake fid da mota daga rairayi. Tun da aka ga zinariya a Jado a 2014, Toyota masu ɗaukar mahaƙa da jarkokin ruwa ne suka fi cika garejinsu.